Kurakuran da ke kashe fulawar cikin gida a lokacin hunturu

Da zarar Disamba ta kama, sai hotuna su fara shigo mini a waya: bakin ganye ya ƙone, ƙasar tukunya jiƙe sharkaf, a ƙasa an rubuta "Anti, me ya same ta?" Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ta arewa maso gabas, busasshiya ƙamas. A Kano ko Sakkwato, da tsakar rana a watan Janairu, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Su kuwa yawancin fulawoyi masu faffaɗan ganye da muke saya a bakin titi, asalinsu na dazuzzuka ne masu ruwa, inda iska ba ta rabuwa da danshi. Abin da ke tsaga mana leɓe, ya kawo faso a diddige, shi ke ƙona musu bakin ganye.

A nan ake tafka kuskuren da ya fi ƙona mini rai. Mutum ya ga ganye ya bushe, sai ya ce ƙishirwa ce, ya ɗauko buta safe da yamma. Haba jama'a! Iska ce ta bushe, ku kuma kuna ta cika ƙasa da ruwa. Da sanyi shuka tana rage girma, saiwarta ba ta shan ruwa kamar a bazara. Saman ƙasa zai bushe cikin wuni ɗaya ya yaudare ku, can ƙasa kuwa taɓo ne. Saiwa tana buƙatar iska, in ta daɗe cikin taɓo ruɓewa take, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya kai ruwa sama. Sai ganye ya ƙara yaushi, mai ita ya ƙara ruwa, har ya kai ta lahira.

Wata shekara na yi tafiya na bar wa yaran gida amana. Don tausayi, kullum sai sun shayar da kowace tukunya. Da na dawo, har moda, shukar nan mai dogayen ganye masu kauri da ake cewa ba ta mutuwa, ta kwanta. Ina ɗan jan ganyen sai ya fito a hannuna, gindin ya yi baƙi, ya yi luɓus, ga wari. Fulawoyin da na yi shekaru ina reno, babu wadda ta tsira. Tun daga nan ba mai taɓa mini buta sai ya gwada da tsinken tsire. A soka shi har ƙasan tukunya, a ɗan jira, a zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a ƙyale ta. Alobera da moda nakan bar su mako uku babu ko ɗigo. Ranar da za a ba da ruwan kuwa, da safe ne, a zuba har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti. Masu shuka a bokitin fenti da gwangwanin madara, don Allah ku sa ƙusa ku huda gindin.

Sai masu shafa wa ganye man gyaɗa ko basilin wai don ya yi sheƙi baƙi su yaba. Wa ya koya muku? Ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake numfashi ta cikinsu, mai yana toshe su, sannan ƙurar hunturu ta zo ta manne, ta tare haske. Tsumma mai laushi da ruwa zalla ya isa, sau ɗaya a mako, sama da ƙasan ganyen.

Fesa ruwa a ganye ba na ɓata lokacina a kai, kafin ki ajiye kwalbar ya bushe. Ni dai tara tukwanena nake wuri ɗaya, kusa da juna, nesa da tagar da iska ke bugowa, kuma a ɗakin nake shanya ƙananan kaya don iskar ta samu ɗan danshi. Akwai masu cewa shanyar ba ta ƙara komai. Su suka sani, nawa dai suna kaiwa damina da ganyensu.

Taki a bari sai zafi ya fara. Canjin tukunya ma haka. Ruwan wanki mai omo ba na shuka ba ne. Kaskon garwashi kusa da fulawa gasa ta yake, balle ma ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki, yana kashe mutane.

A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa. In an ga wata siririyar saƙa da ɗigo-ɗigo masu motsi, ƙwarin da ke son bushewar iska ne suka sauka. A ware tukunyar daga sauran, a wanke ganyen da ruwa mai ɗan sabulu kaɗan, a ɗauraye, a maimaita bayan kwana biyar saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe.