Akwatin NAS na gida: zaɓen tsarin faifai da sabunta manhaja ba tare da asarar kaya ba

A wasu gidajen Hausawa na Makka da Jidda da Madina za ka tarar da ɗan akwati mai faifai biyu ko huɗu a gefen rauta, wanda ake kira NAS. A cikinsa ake tara hotunan biki da na suna, da karatuttukan malamai da aka naɗa, da kwafin fasfo da iƙama, wani lokaci har da takardun masu hidimar alhazai. Ayyuka biyu ne a kansa suke da haɗari, domin duk wanda ka yi ba ya warwaruwa cikin sauƙi: zaɓen tsarin da za a yi wa faifai fomat da shi, da sabunta manhajar da ke tafiyar da akwatin. Duk dabarar tana cikin shirin da ka yi kafin ka danna.

Tsarin faifan ciki

Ranar farko da ka kunna akwatin zai tambaye ka tsarin fayil. A akwatunan kamfanin Synology zaɓin biyu ne, ext4 da Btrfs. A na kamfanin QNAP, manhajar QTS tana aiki da ext4, QuTS hero kuma da ZFS. Ka lura da kyau: babu maɓallin da ke mayar da ext4 zuwa Btrfs. In ka canja shawara bayan shekara biyu, sai ka kwashe komai zuwa wani wuri, ka rushe ma'ajin, ka sake gina shi, sannan ka dawo da kayan. Haka ma ƙaura daga QTS zuwa QuTS hero, tana share faifan gaba ɗaya.

Ga gida, in akwatinka yana karɓar Btrfs, shi za ka ɗauka. Dalili na farko shi ne hoton hali da yake ɗauka. Manhajar Snapshot Replication tana iya adana yadda jaka take a kowace awa ko kowace rana, ba tare da cin wuri mai yawa ba, domin abin da ya canja kawai take riƙewa. Yaro ya goge jakar hotuna, ko ƙwayar cuta ta kulle fayiloli daga wata kwamfuta a gidan, sai ka koma halin jiya cikin ɗan lokaci. Dalili na biyu shi ne lambar tantancewa da yake liƙa wa bayanai. Faifai yakan lalata wani ɗan yanki shiru, hoto ya buɗe rabinsa toka-toka, ba wanda ya sani sai bayan shekaru. Btrfs yana gano irin wannan, kuma idan akwai faifai na biyu mai kwafi, ya gyara daga can.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Zaɓen Btrfs kaɗai bai kunna wannan kariyar ba. Lokacin ƙirƙirar kowace jaka akwai ɗan akwatin da aka rubuta Enable data checksum, kuma a lokacin kawai ake iya kunna shi. Jakar da ka riga ka ƙirƙira babu shi, sai dai ka buɗe sabuwa ka kwafe kayan ciki. Bayan haka ka tsara Data Scrubbing ya riƙa gudana duk wata uku, da dare, domin shi ne yake bin bayanan yana dubawa. Amma kada ka kunna tantancewar a jakar da kyamarorin tsaro suke zuba bidiyo, tana rage gudu ne kawai a kan kayan da za a goge bayan mako biyu.

Ext4 ba tsohon yayi ba ne. Ya fi sauƙi ga ƙaramin akwati mai ƙarancin ƙwaƙwalwa, kuma wasu ƙananan samfura irin su DS220j ba su san Btrfs ba ma. ZFS kuwa yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana son ƙwaƙwalwa daga giga 8 zuwa sama, ya fi dacewa da ofis.

Kafin fomat ɗin ma, ka duba irin faifan da ka sayo. Akwai CMR, akwai SMR. Na biyun yana jera layukan rubutu a kan juna don ya ɗauki kaya da yawa a araha, to idan aka matsa masa da rubutu na sa'o'i, kamar lokacin sake gina RAID (tsarin da ke haɗa faifai su riƙe wa juna kwafi), sai gudunsa ya faɗi ƙasa warwas, har akwatin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red SMR ne, daga nan kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR. Saboda haka ka nemi Red Plus ko Seagate IronWolf, kuma in na hannu za ka saya a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, ka sa mai shi ya nuna maka sa'o'in da faifan ya yi yana aiki. Faifan da aka rubuta tera 4 zai nuna maka kusan 3.6, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta aka yi maka ba.

Faifai biyu a RAID 1 ko SHR (irin RAID ɗin Synology), inda kowanne ke riƙe kwafin ɗayan, suna kare ka daga mutuwar faifai ɗaya. Ba sa kare ka daga gogewa, ko gobara, ko sabuntawar da ta lalace, domin duk abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan nan take. Dole akwai kwafi a waje.

Faifan USB na kwafi

Shi ma yana da nasa zaɓin. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, bidiyon walima guda ya isa ya tsayar da kwafin a tsakiya. In faifan ba zai bar gefen akwatin ba, yi masa ext4. In kana so ka cire shi ka karanta a Windows, NTFS. In zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, ko za ka tafi da shi Kano ko Damagaram ba ka san kwamfutar da za ka tarar ba, exFAT, wanda ya zama kyauta a Synology tun DSM 7 (DSM ita ce manhajar da ke tafiyar da akwatunan Synology). Rauninsa shi ne ba ya jure cirewa ba sallama, saboda haka kullum ka danna Eject tukuna.

Faifan cikin akwatin kuwa, kada ka cire shi ka haɗa da Windows. Ba za ta gane shi ba, za ta ce a yi masa fomat, kuma wanda ya amsa mata ya gama da kayansa. Linux ne ke karanta shi, da taimakon manhajojin mdadm da lvm2.

Sabunta manhaja

Wasu suna cewa abin da ke aiki a bar shi. Ga akwatin da ke haɗe da intanet wannan magana ba ta da amfani. A watan Yunin 2021 masu WD My Book Live suka wayi gari an share musu akwatuna daga nesa, na'urar da sabuntawarta ta ƙarshe ta fito tun 2015. A Janairun 2022 ƙwayar DeadBolt ta kulle akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet tana neman kuɗin fansa. Ƙananan sabuntawar tsaro ka yi su da wuri. Babbar ƙaura, irin daga DSM 6.2 zuwa 7, ita ce za ka jira mako biyu ko uku bayan fitowarta, ka karanta bayanin da kamfani ya fitar sannan ka shiga, domin Synology ba ta ba da hanyar komawa baya.

Karanta bayanin nan ba ɓata lokaci ba ne. DSM 7 ta daina karɓar na'urorin USB irin na waifai da bulutut, ta haɗe Photo Station da Moments suka zama Synology Photos, ta kuma kashe tsohuwar hanyar shiga ta NTLMv1, wadda tsofaffin talabijin da na'urorin sikanin suke dogara da ita. DSM 7.2.2 ta cire Video Station. In gidan da shi ake kallo, gara ka sani tun kafin yara su zo suna tambaya.

Ga yadda za ka bi:

1. Kwana biyu kafin ranar, gudanar da dogon gwajin lafiyar faifai, wato S.M.A.R.T., a kan kowane faifai. Yakan ɗauki sa'o'i da yawa. A sakamakon, duba lamba 5 da lamba 197, masu ƙirga yankunan faifai da suka lalace ko ake zargi. In ɗayansu ya tashi daga sifili, canja faifan tukuna, ka bar RAID ya gama ginuwa. Manhajar Synology a kan faifan nan take zaune, a wani ƙaramin yanki, saboda haka rubuta sabuwa a kan faifai mai ciwo neman fitina ne.
2. Yi cikakken kwafi zuwa faifan USB, ka buɗe fayiloli biyar ko shida daga cikinsa a wata kwamfuta ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka cire shi ka ajiye a wani ɗaki.
3. Sauke saitin akwatin. A Synology yana ƙarƙashin Control Panel, sai Update & Restore, fayil ne ƙarami mai ƙarshen .dss. Yana riƙe sunayen masu shiga da izininsu, ba ya riƙe hotuna ko takardu.
4. In da hannu za ka sauke manhajar, ɗauko ta daga shafin kamfanin kawai, kuma lambar samfurin ta zo daidai harafi da harafi. DS220+ daban, DS220j daban. Ta Synology tana ƙarewa da .pat, ta QNAP da .img. In ka daɗe ba ka sabunta ba, shafin zai nuna maka matakan tsakiya da za ka bi, kada ka tsallake.
5. Haɗa kwamfutarka da waya zuwa rauta, ka tsayar da duk wani kwafi ko saukewa da ke gudana.
6. Danna, sannan ka janye hannunka. Yawanci minti goma zuwa ashirin ne, babbar ƙaura takan wuce haka.

Wutar Saudiyya ba ta cika ɗaukewa ba, amma a tsofaffin gine-gine, da zafi, in na'urorin sanyaya ɗaki suka tashi tare, mayankin wuta yakan faɗi. Ya faɗi ana tsakiyar rubuta manhaja, akwatin zai iya ƙin tashi. Ƙaramin UPS mai ƙarfin 600 zuwa 1000 VA ya isa, amma ka ɗauki mai kafar USB ka haɗa shi da akwatin, domin ya sanar da shi ya kashe kansa lafiya kafin batir ya ƙare. In gidanku yana cikin masu sauran tsohon layin wuta na volt 127, ka auna soket kafin ka sa UPS na 230. Ka kuma zaɓi lokacin da ɗakin yake da sanyi. Faifai ya fi zama lafiya ƙasa da digiri 45, kuma akwatin da aka kulle a kabad, ƙura ta toshe fankarsa, yakan kashe kansa saboda zafi. Hure ƙurar kafin ka fara.

Bayan ya tashi, shiga Storage Manager ka ga ma'ajin yana nuna lafiya, sabunta ƙananan manhajoji, ka gwada shiga daga waya da talabijin. Duba cewa asusun admin yana kashe, shiga mai mataki biyu tana kunne, UPnP kuma, mai buɗe wa na'urori ƙofa zuwa intanet da kansa, a kashe a rauta.

In awa ta wuce fitilar tana ta ƙiftawa, kada ka zare waya tukuna. Nemi akwatin da Synology Assistant ko Qfinder Pro, sau da yawa adireshinsa ne kawai ya canja. In Synology ta nuna Migratable ko Recoverable, bayananka suna nan, ka zaɓi hanyar da ke riƙe su. In bai bayyana ba sam, akwai ɗan ramin RESET a baya: riƙe shi daƙiƙa huɗu har ya yi ƙara sau ɗaya yana mayar da saitin sadarwa da kalmar sirrin admin kawai. Sake riƙe shi nan take har ya yi ƙara uku yana sa a sake ɗora DSM, saiti ya tafi amma jakunkuna su tsaya, sai ka dawo da saitin daga fayil ɗin .dss. Duk allon da ya gargaɗe ka cewa za a share bayanan faifai, tsaya a nan, kashe akwatin, ka rubuta lambar rami a jikin kowane faifai kafin ka kai wa mai gyara.