Darasi na 9: Sabon Direban Tirela a Legas da Maganar Sauya Maigida

Yawancin direbobinmu da ke Apapa, Ijora da Agege daga yaron mota suka faro. Sun yi wankin mota, sun sa waji a taya, sun kwana a ƙarƙashin bodi suna gadin kaya, kafin Oga ya fara ba su sitiyari su gyara fakin. Idan ka wuce wannan mataki, abin da ya rage shi ne takardu, kuma a nan ne karatunka zai yi maka rana.

Lasisin jan tirela da tanka shi ne na ajin G. Ɗauko naka ka nemi harafin, ka kuma duba ranar ƙarewarsa. A Legas akwai ƙarin kati na makarantar direbobi ta jiha, LASDRI, wanda ake nema a hannun mai tuƙin haya ko na kamfani. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi irin na Legas zuwa Ibadan, 45 kuma a cikin gari. Tun 2021 mota ba ta shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can sai an yi mata rajista a manhajar Eto an kira ta. Kada ka tayar da mota daga gareji don kawai an ce maka "tafi, an gama komai". Ka ga tikitin da idonka.

Kowace kwantena tana da lamba a jikinta: haruffa 4, sai alƙaluma 7. Ka haɗa ta da wadda ke cikin takardar kaya, harafi bayan harafi. Haka ma lambar sil ɗin da aka rufe ƙofa da shi. In sun saɓa, kada ka sa hannu. Sannan ka zagaya kusurwa huɗu ka tabbatar ƙugiyoyin da ke riƙe kwantena sun kulle, domin mutanen Ojuelegba sun sha ganin abin da kwantenar da ba a ɗaure ba take yi.

Maigidan farko da wuya ya ba ka sabuwar mota. Tsohuwa za ka samu, da gajerun tafiye-tafiye zuwa Ikeja ko Agbara. Wata uku ba za su cika ba sai wani a wurin mai shayi ya ce maka Alhaji wane yana biya ninki. A ganina, sabon direba ya daure ya cika shekara a wuri guda, sai fa in ana riƙe masa albashi ko ana tilasta masa fita da motar da birkinta ba lafiya. Wannan kam ba a haƙuri da shi. Amma a tsakanin masu motoci labari ba ya kwana. Wanda ya sauya gida uku a shekara guda, na huɗu zai ji tun kafin ya yi sallama, kuma dattijon da ya tsaya masa garanto zai janye hannu.

In ka ƙudurta tafiya, ɗauki biro. A ce wanda kake wurinsa yana ba ka naira 120,000 a wata, da kuɗin tafiya 20,000 a kowane sawu, kana yin sawu 4 a wata. Sabon ya ce 160,000 zai ba ka, kuɗin tafiya 15,000, amma motarsa sawu 2 take samu. Na farko ya tashi 200,000, na biyu 190,000. Ga shi ba ka ma tambayi sauran ba. Lita nawa ta dizal ake ba ka zuwa Kano, kuma in ta gaza a Jebba ko Mokwa wa zai cika? Taya ta fashe, a aljihun wa? In LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas, ta ja motar, ko aka ce kaya sun yi ƙasa, daga albashinka za a cire? Kwanakin da za ka yi a layi fa, akwai kuɗin abinci? Duk amsar da aka ba ka, ka roƙi a rubuta. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa.

Dokar ta kuma faɗi tsawon sanarwar barin aiki. Wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1 ne. Daga shekara 2 zuwa 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata 1. In yarjejeniyarku ta faɗi fiye da haka, ita za ka bi. Kada ka ajiye mota da kaya a Ogere, zangon tireloli da ke kan titin Legas zuwa Ibadan, ka kashe waya. Ka je da kanka, zai fi kyau tare da wanda ya kawo ka, ka ce: "Ranka ya daɗe Alhaji, na gode da riƙon da ka yi mini. Na samu wani wuri, ina neman izini. Zan kai wannan lodin in dawo in miƙa mota ranar Litinin." Ko ransa ya ɓaci, bai samu abin faɗa a kanka ba.

Ranar miƙa mota ku tsaya da manaja ko makanike, a ƙirga komai a gabanku, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ka karɓi sauran haƙƙinka da duk takardarka ta asali da ke ofis, sannan ka nemi wasiƙar shaida ko da layi uku ce.

Aikin aji: Rubuta takardar miƙa mota. Sa kwanan wata da lambar mota a sama. A ƙasa ka rubuta yawan tayoyi har da safaya, batir, jak, tamfol, abin kashe gobara, takardun mota, da dizal ɗin da ya rage a tanki. Ka bar wurin sa hannun mutum biyu, ka kawo wa malami ya duba.