Kurakuran da ake yi wajen karanta labarin odar jiragen sama

Duk lokacin da aka buɗe bikin baje kolin jiragen sama a Faris ko Dubai, sai kanun labarai su cika da manyan lambobi: kamfani kaza ya sayi jirage ɗari biyu, wancan ya soke hamsin. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin masu yaɗa labarin, har da masu rubuta shi, suna ɗaukar sanarwar oda tamkar jirgi ya riga ya sauka a fili. Oda alkawari ce, kuma alkawuran nan ba darajarsu ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa tabbatacciyar oda da takardar nuna sha'awa. Tabbatacciyar oda ita ce wadda aka sa wa hannu, aka biya kuɗin kafin alƙalami, aka ba mai saye gurbi a layin ƙira. Takardar nuna sha'awa kuwa magana ce da ba ta ɗaure kowa ba. Akwai kuma damar ƙari, wato mai saye ya riƙe haƙƙin sayen wasu jiragen nan gaba in ya ga dama. A watan Yunin 2019 kamfanin IAG, mai British Airways da Iberia, ya sa hannu a takardar nuna sha'awar jiragen Boeing 737 MAX guda 200, a lokacin da aka hana samfurin tashi bayan haɗurran Lion Air da Ethiopian Airlines da suka kashe mutum 346. Da aka zo tabbatarwa a 2022, jirage 50 aka yi oda, da damar ƙara 100. Gyaran mai sauƙi ne: kafin ka faɗi lamba, nemi sanin nawa ne tabbatattu.

Sai batun kuɗi. Idan ka ji an ce cinikin ya kai dala biliyan kaza, galibi farashin takarda aka ninka da yawan jiragen. Babu babban mai saye da ke biyan wannan farashin. Ragin da ake yi yakan kai kusan rabi, kuma sirri ne tsakanin ɓangarorin biyu. Airbus, kamfanin ƙera jirage na Turai, ma ya daina fitar da jerin farashinsa tun bayan na 2018. Mafi yawan kuɗin kuma sai ranar karɓar jirgi ake biya, shi ya sa kamfanin ƙira zai iya cika littafinsa da oda amma aljihunsa ya bushe in ba ya miƙa jirage.

Lokaci ma ana mantawa da shi. Jirage 500 da IndiGo na Indiya ya yi oda daga Airbus a 2023, tsakanin 2030 da 2035 aka tsara miƙa su. Boeing 777X da aka ƙaddamar a Dubai a 2013, an sa ran fara miƙa shi a 2020, shekarar ta wuce ba a miƙa ba.

Inda na fi ganin an yi wa labari gurguwar fahimta shi ne wajen sokewa. Mutane na jin an soke oda sai su yanke hukuncin cewa jirgin ba shi da kyau, ko mai saye ya karye. Wani lokaci haka ne, amma dalilan sun fi haka yawa. A watan Afrilun 2020 Avolon ya soke 737 MAX guda 75, GECAS ya soke 69. Dukansu kamfanonin ba da hayar jirage ne, annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, kuma yarjejeniyoyi da dama suna ba mai saye damar janyewa idan jinkirin miƙawa ya wuce shekara guda. Wata sokewar kuma musanya ce. A watan Fabrairun 2019 Emirates ya rage odar A380, babban jirgin Airbus mai inji huɗu, amma ya karkata zuwa wasu jiragen Airbus ɗin masu inji biyu. Ragin ne ya sa aka rufe ƙirar A380, aka miƙa na ƙarshe a Disambar 2021, amma cinikin bai bar gidan Airbus ba. Har mai ƙira ma yakan soke: a Janairun 2022 Airbus ne da kansa ya soke odar A321neo guda 50 ta Qatar Airways saboda rikicin da suka yi kan lalacewar fentin jiragen A350 da Qatar ya saya, aka maido da ita bayan sun sasanta a Fabrairun 2023. Don haka ka tambaya: wa ya soke, kuma me aka karɓa a madadin?

Kamfanonin haya suna jawo wani ruɗanin. Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, kuma irin su AerCap, wanda ya haɗiye GECAS a 2021, suna yin oda tun ba su san wanda zai karɓi hayar jirgin ba. Idan daga baya wani kamfanin jiragen sama ya yi hayar jirgi ɗaya daga cikin waɗannan, ba sabuwar oda ba ce. Haka nan idan kamfani ya sayar wa mai haya jirginsa sannan ya karɓe shi haya. Jirgi ɗaya ne, kada a ƙirga shi sau biyu.

A ƙarshen shekara kuma a lura da wace lamba ake nunawa. A 2020 Airbus ya samu oda 383, amma da aka cire waɗanda aka soke sai suka koma 268. Lambar da ba ta da ja-in-ja ita ce ta jiragen da suka shiga hannun masu su: a wannan shekarar Airbus ya miƙa 566, Boeing ya miƙa 157.