Yadda ake sanin lokacin dubawa da share bututun hayaƙin murhu

Wanda ya sayi gida ko ya kama haya a Ingila, Amurka, Kanada, Jamus ko Faransa yana iya tarar da murhun jin ɗumi a falo, an gina shi a jikin bango, da bututun hayaƙi wanda ya haura ta cikin ginin ya ɓulla ta saman rufi. Hura wuta a ciki ba wuya. Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne bututun nan yana da lokacin dubawa, yana kuma da lokacin shara, kuma abu biyu ne daban. Dubawa sau ɗaya ce a shekara, ko an hura wuta ko ba a hura ba. Shara kuwa ta danganta da abin da ake ƙonawa da yawan ƙona shi.

Mataki na farko: san abin da ke taruwa a ciki

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a madafar da ake girki da itace ya san kunkunniya, baƙin nan da ke manne wa azara har ya riƙa maiƙo. Irinta ce ke taruwa a cikin bututun, sai dai a can ido ba ya kai mata. Masu sana'ar suna ce mata kiriyosot. Hayaƙi yana tashi da zafi, ɗauke da tururi da ragowar itacen da bai gama ci ba, in ya kai saman bututun inda bango ya yi sanyi sai ya daskare ya manne.

Hawa uku ce. Da fari gari ce mai laushi, buroshi na taɓa ta take zubowa. In an bar ta sai ta zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras, ana kankarewa da ɗan ƙarfi. Hawa na uku shi ne matsala: ta narke ta sake daskarewa, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi kamar kwalta, buroshi ya bi ta kanta ya wuce. Wannan sai da sinadari ko kayan aiki na musamman, wani lokaci ma sai an sauya rufin cikin bututun gaba ɗaya. Kuma tana cin wuta. In ta kama, zafin yana iya haura digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyas, ya tsattsage bututun yumɓun da ke ciki, wuta ta sami hanyar kaiwa ga katakon rufi.

Mataki na biyu: tsayar da ranar dubawa ta shekara

A Amurka, ƙa'idar da ake kira NFPA 211, wadda ƙungiyar kare aukuwar gobara ta ƙasar ta fitar, ta ce a duba murhu da bututunsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutane da yawa suna cewa ai bara sau biyu kacal suka hura wuta, me za a duba? Bututun da aka daɗe ba a taɓa ba ya fi ba ni tsoro. Ruwan sama yana shiga, ƙanƙara tana daskarewa a tsagin bulo ta ƙara buɗe shi, siminti yana zagwanyewa ya faɗo ya tare hanya. Ga tsuntsaye. A Ingila akwai wani ɗan hankaka da ya shahara da cika bututu da ƙirare har ya toshe shi tsaf, a Amurka kuma har dabbobin dawa ƙanana sukan shiga su haihu a ciki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen zafi, wajen Agusta ko Satumba, kafin a fara hura wuta. Wanda ya bari sai Nuwamba zai tarar kowa na neman mai shara, ya yi ta jiran layi sanyi na cinsa. Wasu sun fi son yi da zarar sanyi ya wuce, don kunkunniyar ba za ta kwana a ciki tana wari da cin ƙarfe duk tsawon lokacin zafi ba, kuma in akwai gyara an sami watanni na yin sa. Wannan ma daidai ne, sai dai a lura da sheƙa: dokar Birtaniya ta 1981 ta hana taɓa sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, haka ma dokar Amurka ta 1918 ta kare tsuntsaye masu ƙaura, ciki har da wanda ke sheƙa a bututu. In an tarar da ƙwai ko 'ya'ya, sai a jira su tashi.

Mataki na uku: ƙayyade yawan shara

A nan ƙasa da ƙasa suka bambanta. Cibiyar CSIA ta Amurka, wadda ke ba masu shara shaidar ƙwarewa, ba ta ƙidaya watanni, kauri take aunawa: da zarar kunkunniya ta kai kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato kimanin milimita 3, a share. In kuwa an ga mai sheƙin nan, ko ba ta kai haka ba kada a jira. A Birtaniya ƙungiyar HETAS, mai kula da ingancin murhu da masu aikinsa, tana ba da shawarar sau biyu a shekara ga mai ƙona itace ko kwal na gargajiya, sau ɗaya ga mai amfani da makamashin da ba ya hayaƙi. Na gas da na mai su ma sau ɗaya, domin ko ba sa tara kunkunniya sosai, bututunsu yana toshewa.

A Jamus ba a bar wa mai gida zaɓi ba. Kowace unguwa tana da mai sharar da hukuma ta naɗa, yana zuwa duba duk murhun gidan sau biyu cikin shekara bakwai, ya ba da takarda mai nuna sau nawa za a share a shekara gwargwadon yawan amfani. A Faransa ma dole ce, aƙalla sau ɗaya cikin wata goma sha biyu, wasu yankunan suna neman sau biyu, kuma galibi ɗan haya ne ke biya. A Ingila da Amurka ɗan haya ya karanta yarjejeniyarsa ya ga wa aka ɗora wa nauyin, kafin ya kyasta ashana.

In zan ba da shawara a dunƙule: wanda ke hura wuta jefi-jefi don marmari, shara ɗaya tare da dubawar shekara ta ishe shi. Wanda murhun ne ke ɗumama masa gida kullum, ya share kafin sanyi, ya sake a tsakiyarsa, wajen Janairu.

Mataki na huɗu: leƙa da kanka tsakanin zuwan mai shara

Bari murhu ya huce sarai, kwana guda bayan wutar ƙarshe. Shimfiɗa tsohon zane a gabansa, ka sa tabarau da takunkumi, ka buɗe murfin ƙarfen da ke maƙogwaron murhun, ka haska tocilan sama. Ɗan madubi yana taimakawa. Sai ka ɗauki ƙarfen tona wuta ka karce bangon da ke saman maƙogwaron. In layin da ka ja bai fi kaurin takarda ba, da sauran lokaci. In ya kai kaurin tsabar fam ɗaya ta Ingila, wato kimanin milimita 3 ɗin nan, lokaci ya yi. In ƙarfen ya zame a kan abu mai tauri mai santsi, kada ka ƙara hura wuta sai gwani ya gani.

Akwai alamun da ba sa buƙatar tocilan: hayaƙi na dawowa cikin falo, wuta na ci da ƙyar duk da itacen busasshe ne, warin kwalta a ranar da ake zafi ko ruwa, ɓarɓashin baƙi ko gutsuren yumɓu na faɗowa cikin murhu, ko kukan tsuntsu daga ciki. Daga waje kuma, ka tsaya a ƙasa ka dubi kan bututun, ko hularsa da ragarta suna nan, ko bulo ya yi farin gishiri alamar ruwa na shiga. Ban ba kowa shawarar hawa rufi ba. Rufin can yana da gangara, ga santsi.

Mataki na biyar: kira gwani, ka san abin da za ka nema

Nemi mai shaidar ƙwarewa, ka kuma tambaye shi ko yana da inshora. Ka yi hattara da mai ƙwanƙwasa ƙofa da farashi mai arha ƙwarai, wanda yana hawa zai sauko ya ce sai an yi gyaran dubbai yau-yau. Ka ce ya nuna maka hoto, ka kuma ji ta bakin wani.

Dubawa a tsarin Amurka hawa uku ce. Ta farko ita ce ta kowace shekara, ana duba duk inda ido da hannu ke kaiwa. Ta biyu ana zura kyamara har ƙarshen bututun, a leƙa cikin rufi da ƙarƙashin gida. Ita ake yi in za a sayar da gida, ko an sauya irin murhu ko makamashi, ko bayan gobara, girgizar ƙasa ko guguwa. Ta uku sai an fasa wani sashe na gini, ba a yin ta sai ana zargin babbar ɓarna a ɓoye. Mai sayen gida ya nemi ta biyu kafin ya sa hannu, don mai duba gida na gama-gari ba ya ganin cikin bututu.

Aikin shara kansa bai cika wuce awa ɗaya ba. Zai rufe bakin murhu, ya tura buroshi da sanduna masu haɗuwa, injin zuƙe ƙura na aiki, ya gwada ko hayaƙi na fita daidai. Karɓi takardar shaida ka adana, domin kamfanin inshora yana iya neman ta in gobara ta tashi.

Mataki na shida: rage abin da ke taruwa

Ɗanyen itace shi ne babban mai haifar da kunkunniya. Danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma akwai 'yar na'ura mai tsinke biyu da ake sokawa a tsagin itace ta nuna. A Ingila tun Mayun 2021 aka hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri. Itace mai tauri yana iya ɗaukar shekara biyu kafin ya bushe. Kada a ƙona katako mai fenti, leda ko shara, kada kuma a shaƙe wa wuta iska don ta kwana tana turnuƙu. Akwai wani gungume da ake sayarwa da sunan in an ƙona shi yana share bututu, amma yana sassauta ɓawon ne kawai, bai maye gurbin buroshi ba. Toka kuma a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye waje, garwashi yana kwanaki a cikinta bai mutu ba.

A sa na'urar ƙararrawa mai jin iskar kabon monoksayid a ɗakin. Iskar nan ba launi ba wari, ita ce dai ke hallaka mutane in an kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kuma bututun da ya toshe yana mayar da ita cikin gida. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da ke sauƙi in an fita waje alama ce. A Ingila wajibi ne mai gidan haya ya sa ta a duk ɗakin da ke da murhun jin ɗumi.

In kuwa wata rana ka ji bututun na ruri da ƙarfi, tartsatsi ko hayaƙi mai kauri na fita ta sama, fitar da kowa waje ka kira 'yan kwana-kwana: 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. Ko da wutar ta mutu da kanta, kada a sake amfani da murhun sai an zura kyamara an tabbatar bututun bai tsage ba.