Kurakuran da ke zubar da amfanin abinci kafin ya shiga jiki

Shayi, tafarnuwa, zuma da ganye duk suna da amfani ga jiki. Inda ake tafka asara shi ne wurin sarrafawa da lokacin ci.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne kora abinci da shayi. Ganyen shayi na ɗauke da tanin, sinadarin da ke sa ɗanɗanonsa ya ɗaure baki. A cikin hanji, tanin na maƙale wa sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, hatsi da ganye, sai jiki ya kasa tsotse shi, alhali da shi yake gina jini. Kofi, wato gahawa, ma haka yake yi. Ga lafiyayyen namiji mai cin nama ba wani abin damuwa ba ne, domin ƙarfen nama ba ya kamuwa sosai. Amma mai juna biyu, yarinyar da ta fara al'ada da duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, su ne ke kwasar asarar. Gyaran mai sauƙi ne: a bar tazarar awa 1 tsakanin abinci da shayi, a kuma haɗa wake ko ganye da abin da ke da bitamin C, kamar lemu, tumatir ko tattasai, domin yana ƙara wa jiki ƙarfin tsotsar ƙarfen.

Tafarnuwa kuma gaggawa ce ke kashe ta. Sinadarin alisin da ake yabonta a kansa babu shi a cikin ƙwayar da ba a fasa ba. Sai an daka ko an yanka yake samuwa, kuma zafin wuta na tsayar da aikin nan take. A daka, a bar ta minti 10, sannan a zuba, gara ma a ƙarshen girki.

Ganye a wanke shi kafin a yanka. Idan an yanka sannan aka jiƙa, ko aka tafasa cikin ruwa mai yawa aka tsiyaye, bitamin C da folet (wani nau'in bitamin B) sun bi ruwan. Karas da tumatir akasin haka ne: ɗan dafuwa da cokali guda na mai ke sa jiki ya ci moriyarsu.

Zuma fa? Kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, saboda haka mai ciwon sukari da ya musanya sukari da zuma bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa ta, tare da ruwan 'ya'yan itace, cikin sukarin da bai kamata babba ya wuce kimanin giram 50 a rana ba, wajen ƙaramin cokali 12. Kofi ɗaya na ruwan lemu kan cinye lemu biyu zuwa uku, an zubar da tuƙar da ke rage saurin hawan sukari a jini. A ci lemun da kansa. Jaririn da bai cika wata 12 ba kuwa ko lasa kada a ba shi, domin zuma kan ɗauko ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyi, hanjinsa kuma bai isa ya kare kansa ba.

Masu shan ruwan lemun tsami da safe su daina goge baki nan da nan. Tsamin na tausasa ɓawon haƙori, buroshi kuma ya kankare shi. A kurkure da ruwa, a jira minti 30.