Yadda ake haɗa burkina don sha bayan hawan Aburi da keke

Wanda ya taso daga unguwar Nima a Accra, Ghana, ya haura tudun Aburi ta garin Ayi Mensah ya dawo, cikinsa ba ya son abu mai nauyi nan take. Burkina, wato gero da nono, ita ta fi dacewa. A haɗa ta tun daren jiya.

1. A surfa gero gwangwanin madara biyu, a wanke, a rege tsakuwa, a kai niƙa. Kada garin ya yi laushi sosai.

2. A riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu har ya zama ƙananan gudaji kamar ƙwayar dawa. Nan ake yawan kuskure: in ruwa ya yi yawa sai ya cure kamar tuwo, in ya yi kaɗan kuma ya koma gari a cikin nono.

3. A turara a madambaci kamar minti 20, a sauke a wargaza da cokali, a mayar na wasu minti 10.

4. A bari ya huce sarai. Gero mai zafi yana tsinka nono.

5. A zuba nono lita ɗaya, sukari cokali uku da ɗan gishiri, saboda gumin da aka zubar a hanya. Sai firji.

Kada a ɗauke ta a gorar keke, zafin Accra zai sa ta yi tsami kafin a kai Peduase, garin da ke kan hanyar Aburi. In an dawo, a fara da ruwa, sannan kofi ɗaya na burkina. Shinkafa da wake kuwa, sai jiki ya natsu bayan awa guda.