Tsohuwar libarba ta gado: ɓarnar da ake yi wa bututunta da sunan gyara

Aikina goge tsofaffin ƙarafa ne, takubba da masu da likkafu na hawan Sallah, shi ya sa duk wanda ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da bindiga ta yi tsatsa sai ya zo neman shawara. Kuma kusan kullum sai ɓarna ta riga ta auku ake zuwa. Na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta ta.

Yawancin libarbobin da ke ɓoye a tsofaffin gidajen Sakkwato ƙirar Ingila ne, Webley ta Birmingham ko Enfield. Webley Mark VI a 1915 sojan Ingila suka fara riƙe ta. Wasu ta hannun Turawan mulki suka shiga gidajen sarauta, wasu kuma tsofaffin sojan yaƙin Bama suka dawo da su. Ƙarfen da ya kai shekara tamanin ko ɗari ake magana, don haka wanda zai taɓa shi sai ya yi hattara.

Babbar ɓarna ita ce kai bututu wurin mai walda. Bututu kan kumbura ne idan an harba alhali wani abu ya toshe shi: harsashin da ya maƙale, ko laka, ko gidan zanzaro, don zanzaro na son ramin bututu ƙwarai. Ka haska tocila ciki za ka ga wani baƙin zobe ya kewaye wurin, ka shafa yatsa ta waje ka ji ɗan tudu. Ƙarfen wurin ya riga ya miƙe ya yi sirara. Guduma za ta iya kwantar da tudun, amma kaurin da ya tafi ba ya dawowa. Wutar walda kuma takan canza taurin ƙarfen da ke kewaye, ta lanƙwasa bututun, ta cinye murɗaɗɗun layukan da ke ciki. A ido sai ka ce ta warke, alhali ranar da wani yaro ya sa mata harsashi a hannunsa za ta fashe. Ban da wannan, adaka da sauran bindigogin toka sukan kwana shekaru da albarushi a ciki, kuma albarushi ba ya mutuwa don ya tsufa. Wanda ya kai mata wuta yana wasa da ransa ne.

Wannan ɓarna ta ci gidanmu. Bayan rasuwar kakanmu, wani ɗan kawuna ya ɗauki libarbarsa ba tare da ya shawarci kowa ba, ya kai wa wani mai walda a bakin kasuwa. Da ya dawo da ita sai murna yake, yana cewa, "Yaya, duba, wanga aiki ai ya yi kyau, ta koma sabuwa!" An buge kumburin, an cike tsagar da walda, an bi da injin gurza, an feshe ta da baƙin fenti irin na ƙofa. Na juya ta ina neman lambarta da tambarin masu gwajin bindiga na Birmingham da ƴar alamar kibiyar nan ta gwamnatin Ingila, duk babu. Injin ya share su tas. Abin da zai nuna daga ina ta fito, wace shekara aka ƙera ta, a hannun wa ta zauna, ya bi ƙura. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mutum ya riƙe abu tsawon rayuwarsa da mutunci, jika ya lalata shi tsakanin azahar da la'asar! Ga kuma wata masifa: bindigar da aka goge lambarta kama take da kayan ɓarayi, a wannan zamani da gabashin jihar nan ke fama da ƴan bindiga. Dole muka miƙa ta ga hukuma.

Ƙanwar wannan ɓarna ita ce son ƙyalli. Mutum ya ga tsatsa sai ya ɗauko samfefa, ko toka da lemun tsami kamar zai wanke tukunya, wani har ruwan batir yake zubawa. Ku ji tsoron Allah! Wannan duhun da ke jikin ƙarfen ba dauɗa ba ne, rini ne da maƙeranta suka yi don ya kare ta daga tsatsa, kuma duk abu mai tsami cire shi yake yi nan take. Jar tsatsa mai gari ita ce ke cin ƙarfe, ita kaɗai ake yaƙa. Ni dai yadda nake yi wa takobi haka nake ba da shawara a yi mata: a jiƙa wurin da kananzir ya kwana, a kankare a hankali da ɗan guntun tagulla, don tagulla ta fi ƙarfe laushi ba za ta karce shi ba, a share da farin ƙyalle, a sake. In ƙyallen ya daina fitowa ja, a tsaya. Ramukan da tsatsa ta riga ta haƙa a bar su yadda suke. Wasu na amfani da soson ƙarfe mai laushi sosai da mai, ban ce laifi ba ne, amma hannun sabon shiga nauyi gare shi, ni ba na ba shi.

Kada a ce za a gwada ta a daji a ji ko tana tashi. Bututun da ya kumbura ko ya tsage ya gama aikinsa har abada, tsofaffin harsasan da aka tarar tare da ita kuma su ne ma suka fi maƙalewa.

Sai maganar ajiya, wadda mu Sakkwatawa muke da tamu matsalar. Muna alfahari da jar fatarmu, kowa na so ya sa badukku ya ɗinka mata gida mai kyau. To majema da bagaruwa suke jima, sinadarin bagaruwa kuwa in ya haɗu da ƙarfe da laima baƙi yake yi yana cin ƙarfen. Fata kuma tana shan raɓar damina ta riƙe. Na sha zare wuƙa daga kube in ga zanen ɗinkin ya fito a jikinta da tsatsa. A ajiye gidan fatar daban. Leda ma haka, gumi take tarawa. Baƙin man mota dauɗa ne, man gyaɗa da manja kuma daskarewa suke su yi danƙo su kama ƙurar hunturu. Ɗigon man keken ɗinki ya isa, ko a shafa kakin zuma sama-sama a goge. Kada mai ya taɓa itacen mariƙi, yana sa shi ya yi baƙi ya ruɓe. Kada a ajiye ta a ƙasa ƙarƙashin gado a ɗakin laka. Sukurorinta kuma in ba ka da abin kwancewa daidai bakinsu, ƙyale su.

Akwai kuma masu yawo da ita cikin jaka daga wannan maƙeri zuwa wancan. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma gyaran bindiga ma sai wanda hukuma ta ba izini. Cewa ta gado ce ba zai fitar da kai ba in aka tare ka a shingen bincike. Ka ɗauki hotonta da lambarta da duk tambarin da ke jiki, ka rubuta abin da dattawan gida suka sani game da ita tun suna raye, sannan babban gida ya je ya sanar da ƴan sanda. In iyali na so a adana ta da sunan mai ita, su tuntuɓi ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke nan cikin gari su ji yadda za a yi.